Me ya sa duniya ta san Argungu, ba ta san Uholar Zuru ba?

1/ Jiya a ɗakin kwananmu na makaranta wani abokina Bakano ya tambaye ni, wai in ban da kamun kifin Argungu me ake zuwa kallo a Kebbi? Na ce Uhola. Ya ce, abinci ne? Wallahi abin ya tsaya min a rai, ni ɗan Zuru. Ku yi haƙuri, bayanin yana da ɗan tsawo.

2/ Mu fara da Argungun. Tun bayan jihadi, Kabawa da Sakkwato suka shafe shekaru suna gwabzawa. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa gagarumin kamun kifi don karramawa. Daga nan bikin ya samo siffar da muka sani yau. Wato sulhu ne ya haife shi.

3/ Daga baya gwamnati ta rungume shi. Aka gina masauki da wurin zaman 'yan kallo, kamfanoni suka sa kyaututtuka, 'yan jarida suka zo. Ga kuma hoto guda da ba ya buƙatar bayani: dubban masunta da gora da koma suna rugawa cikin Matan Fada lokaci ɗaya. Ko Bature ya gani sau ɗaya ya riƙe.

4/ Amma ku duba nan. Bayan na 2009, babban bikin ya tsaya cak, sai Maris 2020. Aka ce matsalar tsaro, aka ce ƙarancin ruwa a kogi. Har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, alhali ba a ma yin sa a lokacin! Da ya dawo, Shugaba Buhari ya halarta, aka kama kifi mai kilo 78. Kwanaki kaɗan bayan haka korona ta rufe ƙasa.

5/ Ba mu kaɗai ba ne. A Mali an yi bikin kiɗan Sahara da aka fara tun 2001, daga baya aka riƙa yin sa kusa da Tambutu, Turawa na tururuwa. Na Janairun 2012 shi ne na ƙarshe a can, yaƙi ya ɓarke. Bikin da ya jingina da baƙon nesa, ranar da ofishin jakadancinsu ya ce kada su zo, ranar ya kwanta.

6/ To Uhola fa? Bikin Lelna ne, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari. Godiya ce bayan girbi, kuma lokacin da ake yaye samarin da suka gama golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukansa, a al'adance har shekara bakwai, kafin a ba shi mata. (Samarin yanzu da ke kukan lefe, ku gode wa Allah.) Akwai rawa, akwai kokawa, kowane gari da nasa. Marigayi Sarkin Zuru Sani Sami Gomo II ya ɗaukaka babban da ake yi a cikin Zuru, tare da nunin amfanin gona. Amma na ƙauyuka ba ya jiran kasafin kuɗin kowa. Dawa ta shiga rumbu, an buga ganga, shi ke nan.

7/ Ba zan yi muku ƙarya ba, mu ma bala'in ya taɓa mu. Yuni 2021 aka kwashe ɗalibai a Birnin Yauri, maƙwabtanmu. Maris 2022 aka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba. Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga. Ƙauyuka da dama sun watse, kuma wanda bai yi noma ba, wane girbi zai yi wa biki? Nan ne raunin Uhola yake.

8/ Duk da haka, a garin su mahaifiyata na ga an yi shi a shekarar da kowa ke tsoron hanya. An rage shi, an fara da hantsi an tashi kafin la'asar. Su wa suka zo? Sojojin da suka ɗauki hutu (kun san Zuru da aikin soja), ɗalibai irina, ma'aikatanmu na Kaduna da Abuja. Su suka cika motoci, suka sayi nama da atamfa. Masu kasuwa sun ci ribar ranar ba tare da baƙo ko ɗaya daga waje ba.

9/ Ni dai a ganina gasar iri biyu ce. Lokacin lafiya, mai hanya da masauki da ranar da aka sani tun da wuri shi ke kwashe baƙi, kuma nan Argungu ta yi mana fintinkau. Lokacin tashin hankali kuwa, tambayar ita ce wa zai zo ko da ana tsoro, kuma wannan muna da shi. Laifinmu shi ne mun zauna a kansa. Muna da Girmache da kadojinta, muna da gidan tarihi, amma ka nemi hotonsu mai kyau a intanet ka sha wahala.

10/ Bakanon nan ya ce zai biyo ni bana. Sai ya tambaye ni ranar da za a yi, da inda zai kwana. Na ce sai na kira gida tukun, kwana kuma a ɗakina. Ya ce to, amma Hajiyarsa za ta tambaya ta Kontagora za mu bi ko ta Koko, kuma ƙarfe nawa za mu isa.