Asuwaki da Sukari a Garin Kuza

Tun farkon ƙarni na 20, sa'ad da haƙar kuza ta jawo fatake da leburori da malamai daga Kano da Zazzau da Bauchi suka yada zango a Naraguta, kana suka gangaro inda Jos take a yau, kusan kowane baƙo ya iso da asuwakinsa a aljihu, domin fuƙaha'un mazhabar Malikiyya sun lissafa shi cikin mustahabban alwala, har tsabtar baki ta zama ibada tun ba a kira ta kiwon lafiya ba. Reshen marke ake sarowa, daga baya na dogonyaro, a tauna kansa har ya yi buzu-buzu, a bi haƙora da shi ɗaya bayan ɗaya kafin sallar Asuba.

To, amma jirgin ƙasan da ya riƙa kwashe kuza shi ne ya riƙa dawowa da sukari, kuma a gari mai sanyi irin na Jos, inda lebura ba ya fita aiki sai ya tsaya wurin mai shayi, zaƙi ya zama abin kullum, alhali a da sai jefi-jefi ake samun zuma ko mazarƙwaila. Idan haƙori ya yi kogo, hunturu ya shige shi, mai shi ya kwana riƙe da haɓa, sai a ce tsutsa ce ke cinsa. A cusa kanumfari a ramin, in abin ya faskara a nufi wanzami ya cire. A ganina masu zancen tsutsa ba su yi nisa da gaskiya ba, gama tun 1890 wani tabibi Ba'amurke, W. D. Miller, ya bayyana cewa wasu halittu ne da ido ba ya gani suke juya zaƙi ya koma tsami, tsamin kuwa ya narkar da bayan haƙori sannu a hankali.

Sinadarin fuloraid, wanda aka fara zubawa a ruwan shan Grand Rapids ta Amurka a 1945 don rigakafin wannan illa, Allah Ya wadata ruwan Langtang, wani gari a jihar da Jos take, da shi har ya wuce kima, ya rina haƙoran mutane da yawa. Jos kuwa ita aka zaɓa ta zama mazaunin cibiyar binciken lafiyar baki ta ƙasashen Afirka, tare da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma likitocin yau ciko suke yi wa kogon da a da wanzami zai tumɓuke haƙorinsa ɗungurungum.