Daga Sakkwato Zuwa Tambuwal: Abin da Matafiyi Ke Wucewa



Da yawa daga cikinku sun yi tafiya ƙasashen waje, sun tsaya gaban dalar Masar ko hasumiyar birnin Faris, sun komo suna ba da labarin yadda mutanen can ke alfahari da gine-ginensu. Wannan ba laifi ba ne. Abin da nake so mu duba shi ne hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega, wadda muke bi a guje, ba mu ko waiwaye.

Matafiyi ya baro Hubbaren Shehu a bayansa, ba da jimawa ba sai ga shi a ƙasar Boɗinga. Nan Sifawa take, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. A nan ne, cikin 1812, ya raba ɗawainiyar mulki gida biyu: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi. Watau tsarin da ya haifi Sakkwato da Gwandu a wannan ɗan gari aka yanke shi. Sa'an nan sai Shagari, inda aka binne shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari a 2018.

Tambuwal kuwa ita ce ta fi cancanta a tsaya. Muhammadu Buhari, ɗan Shehu, malami kuma mai waƙa da Larabci, shi aka ba ta ya riƙe a matsayin ribaɗi, kuma zuriyarsa ke sarautarta. Ribaɗi gari ne mai ganuwa da ake kafawa a bakin iyaka, a zuba masa mayaƙa da malamai da manoma, su yi noma da damina, su yi tsaro kullum. Sarkin Musulmi Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ƙarfafa wannan dabara ƙwarai, domin cin Birnin Kabi a 1805 bai kawo ƙarshen yaƙi da Kabawa ba. Hanyar da ta haɗa Sakkwato da Gwandu ita ce jijiyar daula, dole a tsare ta.

To, a nan ne bambancin yake. Magabatanmu na jihadi ba su tara dutse don a tuna da su ba. Garuruwa suka gina, da ƙasa suka gina su. Ginin ƙasa kuwa sai da yaɓe duk shekara. In an bar shi, ruwa ya ci rabinsa, masu haƙar ƙasar gini su kwashe saura. A ganina, ma'aikacin da ya sa hannu aka yanka fili a kan tsohuwar ganuwa ya fi damina ɓarna.

Daga Tambuwal in aka karkata kudu maso gabas sai Kebbe, can ƙarshen jiha, wajen Gulbin Zamfara. Kada a rikita ta da Kabi ta Kanta, ko da yake sunayen na kama. Ita Kabi ta bar ganuwar dutse a Surame, cikin ƙasar Binji, tun ƙarni na 16, kuma an sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa a 1964. Garuruwa irin su Kebbe kuwa, mafi yawan tarihinsu a bakin dattawa yake, ga shi dattawan suna ƙarewa.