Gulbin Maraɗi da Madatsar Jibiya: Tarihin Ruwan da Aka Tsare

Mutumin Kornaka ba ya bukatar a faɗa masa yadda gulbi ke mutuwa. Yana zaune tsakanin kwarin Tarka a arewa da Gulbin Kaba a kudu, kwaruruka biyu da ruwa ya daina bi tun da daɗewa, aka bar su da rairayi da goruba. Waɗannan, sauyin zamani ne ya kashe su. Shi kuwa Gulbin Maraɗi, hannun ɗan Adam ne ya rage masa ƙarfi, a gaban idon mutanen da har yau suna raye.

Gulbin yana tasowa daga ƙasar Katsina, inda ake ce masa Gada. Ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sa'annan ya koma Najeriya ya zuba cikin Rima. Ƙarfinsa na dā ba abin musu ba ne: ambaliyar 1945 ce ta cinye tsohon birnin Maraɗi, ta tilasta wa mutane haurawa tudu. Amma wannan ambaliya da ake tsoro, ita ce abincin fadama. Takan shimfiɗa laka mai taki, ta cika rijiyoyi, ta buɗe wa tarwaɗa da karfasa hanya zuwa tafkuna, inda suke hayayyafa. Da ruwa ya janye, manomi ya shuka a danshin da ya bari.

A 1989 aka gama gina madatsar Jibiya a kan Gada, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita miliyan 142, domin noman rani da ruwan sha. Shekara guda bayan haka, a 1990, Nijar da Najeriya suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai, kuma Gulbin Maraɗi na cikin waɗanda aka ambata. Duk da haka gulbin ya canza hali. Kwanakin gudunsa suka ragu, fadama ta rage jiƙa, masunta suka ga ƙarancin abin da koma ke kamawa. Irin wannan ciwo ne ya sami dausayin Haɗeja da Nguru bayan ginin Tiga a 1974 da Calawa a 1992.

A wasu ƙasashe an kai ga rushe tsofaffin madatsu. A Amurka an kawar da madatsar Edwards a kogin Kennebec a 1999, bayan ta shekara fiye da 160 tana tare kifi, kuma kifin ya komo. A Faransa an fara rushe ta Vezins a kogin Sélune a 2019. A 2024 aka ƙare cire madatsu huɗu daga kogin Klamath. Hujjarsu ɗaya ce: amfanin ginin ya kasa ɓarnarsa.

Shin haka za a yi da Jibiya? Mai hankali ba zai ce a fasa tulun da maƙwabci ke sha daga ciki ba. Mutanen can da na nan dangi ne, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya. Darasin da ke cikin tarihin nan shi ne, madatsa ba dutse ba ce da Allah ya dasa. Mutane suka gina ta, mutane ke iya sake tsara aikinta. Ana iya sakin ruwa a farkon damina, lokacin da kifi ke neman hanya, a kuma auna shi a fili bisa alkawarin 1990.

Aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu shi ne su rubuta abin da tsofaffin masunta da manoman fadama suka sani, tun suna da rai. Yaron da bai ji labarin cikar gulbi ba, zai ɗauka cewa rairayi ne asalinsa.