Ƙugiyar da ke Kan Baƙaƙen Hausa: Daga Ina Ta Fito?

Da kwamitin wannan mujalla ya nemi in yi rubutu a kan tarihi, sai na zaɓi ƙaramin abu wanda kowannenmu ya sha jan biro a kansa a darasin Hausa, wato ƙugiyar nan da ke kan ƙ da ɗ da ɓ.

Ni dai ban san darajarta ba sai da na je jami'a a Zariya karatun zane-zane, aka shiga koya mana tsara haruffa ta hanyar zana fosta. Dalilin da ya sa malamai ke farawa da fosta shi ne ba ta ɓoye aibu. A littafi harafi bai wuce ƙwayar gero ba, amma a fosta yakan kai tafin hannu, kuma mai wucewa a kan babur kallo ɗaya zai yi mata. An sa mu zana haruffa da fensir da rula kafin a bar mu mu taɓa kwamfuta. A nan muka koyi cewa tazarar da ke tsakanin haruffa ido ke auna ta, ba rula ba. Da muka zo fostar Hausa sai aiki ya ƙaru. Ƙugiyar babban Ɗ da ta Ɓ hagu suke leƙawa, su ci filin harafin da ya gabace su, ta Ƙ kuwa dama take karkata. In ka yi ta siririya sai ta ɓace daga nesa, in ka cika mata kauri sai harafin ya zama kamar an ɗora masa gammo.

To, wa ya fara shan wannan wahala? Turawan da suka fara rubuta Hausa da boko kowa da tasa dabarar. Wasu ɗigo suke sawa a ƙarƙashin harafi, wasu su rataya 'yar alama a gefensa, wasu ma ba su ji bambancin ba balle su rubuta. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, G. P. Bargery kuma ya buga babban ƙamusunsa a 1934, duk kafin ƙugiya ta zauna da gindinta. Ɗigo yana da illa wajen ɗab'i, domin in harafin dalma ya tsufa ko tawada ta yi ƙaranci, shi ke fara ɓacewa. A shekarun 1930 ne Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta rungumi haruffa masu ƙugiya, waɗanda wata cibiyar nazarin harsunan Afirka da ke Landan ta ba da shawarar a yi amfani da su. Hikimar ita ce ƙugiya a jikin harafin take, ba ta faɗuwa sai dai harafin ya karye.

Zaɓen harafi abu ne mai sauƙi, samar da shi ne aiki. A wancan zamanin kowane harafi sai an zuba shi da dalma, kuma kowane girma da nasa zubin, manya da ƙanana. Masu zuba haruffa a Turai ba su da kasuwar ƙ, saboda haka sai an yi odarsa musamman. Da irin wannan ɗawainiya aka riƙa buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Alhaji Abubakar Imam a matsayin edita, har aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. A shekarun 1950 kuma aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta yi ta fitar da ƙananan littattafai domin manya masu koyon karatu. Ku lura, sunan gangamin kansa ba ya rubutuwa daidai sai da ƙugiya. Dattijon da ya fara haɗa baƙi a ajin yamma, ba shi da Turancin da zai yi hasashe da shi, abin da ya gani shi zai karanta.

Zamanin tafireta ya mayar da hannun agogo baya. Yawancin tafiretocin ofisoshi na Turanci ne, akawu sai ya gama bugawa ya bi da biro yana ɗora ƙugiya, in ya gaji ya bari. Malamanmu da suka sha buga jarrabawar Hausa a sitansil sun fi ni sanin wannan. A shekarun 1980 an yi yunƙurin samar da salon haruffa guda domin harsunan Nijeriya, har da sa hannun Hermann Zapf, shahararren Bajamushen nan mai zana haruffa. Tun farkon shekarun 1990 kuma tsarin Unicode na kwamfuta ya ba ƙ da ɗ da ɓ gurbinsu, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y.

Amma gurbi daban, zane daban. Yawancin salon haruffa masu kauri da masu fosta ke so, ba a zana musu ƙugiya ba. Kana buga ƙ sai kwamfuta ta aro wani ramamme daga wani salon ta cusa a tsakiyar kalma, ko ta ajiye maka akwati fanko. Mu a aji da hannu muke zana ƙugiyar mu liƙa, kamar dai akawun tafireta. Masu shagunan ɗab'i kuwa da yawa ba su da wannan haƙuri, cire ta suke yi. Wani abokin karatunmu ya kai fostar kiwon lafiya wani shago, mai gargaɗin jama'a su rufe abinci saboda ƙura, aka bugo masa kura, kofi ɗari biyu. Mun yi dariya, amma shi kuɗin makarantarsa ne suka tafi. Haka baƙi ke komawa baki, ƙasa ta koma kasa, faɗa ya koma fada.

A ganina uzurin ya ƙare. Yau akwai salon haruffa na kyauta, irin su Noto da Charis SIL da Andika, waɗanda ke ɗauke da ƙugiyoyin nan cikakku, wayoyin hannunmu ma suna da allon rubutun Hausa. Duk da haka a ma'aikatu har yanzu muna sa hannu a biya kuɗin fostocin wayar da kai da ba su da ƙugiya ko ɗaya, alhali mutanen karkara ake nufi da su. Ni takardar da ta biyo ta teburina haka, mayar da ita nake yi a gyara. Ina kuma roƙon kwamitinmu, kafin a buga fostar taron shekara mai zuwa, a turo mini in duba, domin sunan ƙungiya ma da ƙ yake farawa.