Jerin Sunayen da Ya Raba Matuƙan US Airways Gida Biyu

A watan Satumba na 2005 kamfanonin jiragen sama biyu na Amurka, US Airways da America West, suka haɗe suka zama ɗaya. Sauya fentin jirage da haɗa manhajar sayar da tikiti bai ɗauki wani dogon lokaci ba. Abin da ya gagara shi ne rubuta sunayen matuƙan kamfanonin biyu a jeri guda. Wannan aiki, da mutum zai ɗauka na akawu ne, sai da ya ci shekara goma sha ɗaya.

A manyan kamfanonin jiragen Amurka, ranar da aka ɗauki matuƙi aiki ake ba shi lamba a jerin daɗewa, kuma kusan duk rayuwarsa tana rataye da ita. Ita ke nuna yaushe zai tashi daga kujerar mataimaki ya koma ta kyaftin, wane irin jirgi zai tuƙa, a wane birni zai zauna, da ko zai yi hutun ƙarshen shekara da iyalinsa ko a otal. Idan kasuwa ta lalace, daga ƙasan jerin ake fara sallama. Babbar matsalar ita ce lambar ba ta bin mai ita. Likita ko lauya na iya barin wurin aiki ya tafi da ƙwarewarsa, a biya shi daidai da ita. Kyaftin ɗin da ya shekara ashirin da biyar, in ya koma wani kamfani, daga wutsiya zai fara. Tsarin yana da dalilinsa: an kafa shi ne don kada manaja ya fifita ɗan gaban goshinsa, ko ya hukunta wanda ya ƙi tashi da jirgi mai matsala. Sai dai ya mayar da lamba guda ta zama gadon mutum kaf.

US Airways tsohon gida ne a gabashin ƙasar, asalinsa tun 1939, amma ya zo teburin haɗaka a jigace. Sau biyu ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki, a 2002 da 2004. An soke fanshon matuƙansa, an zabtare albashinsu. Yana da matuƙa kimanin 5,100, cikinsu wajen 1,700 suna zaune a gida an dakatar da su. America West kuwa ɗan jiya ne, a 1983 ya fara tashi daga birnin Phoenix, matuƙansa kimanin 1,900 kuma duk suna bakin aiki. Daga nan aka raɗa musu sunayen da suka bi su: 'yan Gabas da 'yan Yamma.

Hujjar 'yan Gabas a bayyane take: a bi ranar ɗaukar aiki, wanda ya riga ya riga. 'Yan Yamma suka ce ina amfanin shekarun da aka tara a kamfanin da yake dab da rufewa? Da an bi ranar ɗauka, akasarinsu ƙasa za su gangaro, har a bayan mutanen da ba su da aiki ranar da aka haɗe. A ganinsu abin dubawa shi ne inda kowa ya dosa kafin haɗakar. Ɗaya yana auna adalci da jiya, ɗaya da gobe, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Duka ɓangarorin 'yan ƙungiyar ƙwadago ɗaya ne, wato ALPA, wadda ƙa'idarta ta ce idan sulhu ya ci tura a miƙa wa mai yanke hukunci, abin da ya yanke kuma ya zauna. Aka zaɓi George Nicolau, dattijon da ya yi suna wajen raba gardamar ƙwadago. A watan Mayu na 2007 ya fitar da jerinsa. Ya sa manyan 'yan Gabas kimanin 500 a sama, saboda su ke tuƙa manyan jiragen da ke tsallake teku, waɗanda America West ba shi da irinsu. Ya cuɗa sauran masu aiki na ɓangarorin biyu gwargwadon matsayin kowa a tsohon jerinsa. Waɗanda aka dakatar kuwa ya tura su can ƙasa. Sakamakon haka, ɗan Gabas da aka ɗauka a ƙarshen shekarun 1980 ya tsinci sunansa kusa da na ɗan Yamma da bai daɗe da shiga aiki ba.

Abin da ya biyo baya shi ya sa labarin ya shiga tarihi. Hukuncin ALPA ya ɗaure, to idan babu ALPA fa? 'Yan Gabas sun fi yawa, sai suka kafa sabuwar ƙungiya mai suna USAPA, suka rubuta bin ranar ɗaukar aiki a cikin kundinta, suka kuma ci zaɓen wakilci a watan Afrilu na 2008. Ta haka 'yan Yamma suka wayi gari ƙarƙashin ƙungiyar da aka kafa don ta rusa abin da suka samu. Suka garzaya kotu. A 2009 suka yi nasara a Arizona, a 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta soke nasarar, ta ce an yi gaggawar kawo ƙara tunda ba a riga an ƙulla yarjejeniyar da za ta cutar da su ba.

Zafin 'yan Gabas abin fahimta ne. Amma sun amince da mai hukuncin kafin su ji hukuncin, kuma dabarar da suka ɓullo da ita ta ci su kamar yadda ta ci abokan hamayyarsu. Muddin babu jeri guda, babu sabuwar yarjejeniyar albashi ta bai ɗaya. Don haka aka ci gaba da kamfani biyu a cikin riga ɗaya: ɗan Gabas ba ya tuƙa jirgin Yamma, ɗan Yamma ba ya tuƙa na Gabas, kuma 'yan Gabas suka zauna shekaru a kan albashin zamanin karayar arziki yayin da takwarorinsu na wasu kamfanoni ke samun ƙari. Ba a ga alamar hakan ya hana masu kamfanin barci ba. Kyaftin Chesley Sullenberger, wanda ya saukar da jirgi a kogin Hudson ranar 15 ga Janairu 2009 ba tare da an rasa rai ba, ɗan Gabas ne. Wata guda bayan haka ya shaida wa majalisar dokoki cewa an yanke kashi 40 cikin ɗari na albashinsa, fanshonsa kuma an soke.

Dokar da aka yi don irin wannan rikici ta zo a makare gare su, kuma wani rauni ne daban ya haife ta. Lokacin da American Airlines ya sayi TWA a 2001, kusan rabin matuƙan TWA aka manna a ƙasan jeri, su ne kuma sallamar da ta biyo harin 11 ga Satumba ta fara kwashewa. Sanatocin jihar Missouri, Claire McCaskill da Kit Bond, suka jagoranci dokar da aka sa wa hannu a Disamba 2007, wadda ta wajabta haɗa jeri bisa adalci, da zuwa gaban mai yanke hukunci idan an kasa daidaitawa. Ba ta faɗi mene ne adalcin ba.

Wata haɗakar ce ta kwance ƙullin. A Disamba 2013 US Airways ya haɗe da American Airlines, ƙungiyar matuƙan American ta karɓi wakilcin kowa a 2014. A 2015 kotun ɗaukaka ƙarar nan ta yanke cewa USAPA ta tauye haƙƙin 'yan Yamma na samun wakilci na gaskiya, amma a lokacin jeri uku ake ƙoƙarin haɗawa, ba biyu ba. Masu yanke hukunci uku suka fitar da jerin ƙarshe a Satumba 2016. Jirgi na ƙarshe da ya tashi da sunan US Airways, wanda aka ba lamba 1939 don tunawa da shekarar asali, ya riga ya sauka a Philadelphia tun Oktoban 2015.