Baler: Garin da Ke Bayan Duwatsu da Yadda Ya Samu Hukumar Kansa

Baler na gaɓar gabashin tsibirin Luzon a ƙasar Filifin. Gabansa tekun Fasifik ne, bayansa kuma jerin duwatsun Sierra Madre, waɗanda suka tokare tsakaninsa da sauran ƙasar. Daga Manila tafiyar kilomita kusan 230 ce, amma kafin a fasa hanyar mota, mai son zuwa Baler sai dai ya bi ta teku ko ya ratsa daji da tsaunuka na kwanaki. Wannan nisan shi ya tsara tarihin mulkin garin. Shekaru ɗaruruwa ana yanke wa mutanensa hukunci daga wancan gefen dutse, su kuwa suna ta neman hanyar da za su jawo hukuma ta zo kusa.

A 1609 wasu limaman Kirista 'yan ɗarikar Faransiskan, ƙarƙashin jagorancin Blas Palomino, suka iso wurin suka kafa majami'a. Ba kango suka tarar ba, akwai mutanen Dumagat da Ilongot da ke zaune a yankin tun kafin zuwansu. Tsarin Sifaniyawa a Filifin shi ne a tattaro jama'ar da ke warwatse a zaunar da su inda ƙarar ƙararrawar coci za ta riske su, domin a sauƙaƙa wa'azi, a kuma sauƙaƙa karɓar haraji. Haka aka yi a Baler. A 1658 aka miƙa garin ga wata ɗarikar, ta Rekoletos, sannan a 1703 ya koma hannun Faransiskan.

Garin farko yana bakin teku ne. Ranar 27 ga Disamba 1735 teku ta yi toroƙo ta shafe shi. Iyalai ƙalilan ne suka tsira, ta hanyar hawa tudun da ake kira Ermita, kuma a cikinsu ana lissafa gidan Angara, sunan da za mu sake haɗuwa da shi. Waɗanda suka rage suka ja da baya daga gaɓa suka sake kafa gari a inda yake yanzu. A gindin tudun akwai mutum-mutumin da ke nuna mutane suna riƙe da hannun juna suna hawa, ruwa na biye da su.

Ya ake mulkin gari irin wannan a zamanin Sifaniya? Akwai shugaban gari ɗan ƙasa mai muƙamin gobernadorcillo, wanda manyan gari kaɗai ke zaɓa. A ƙarƙashinsa akwai cabeza de barangay, kusan kwatankwacin mai unguwa, wanda ke bi gida-gida yana karɓar haraji, yana kuma fitar da maza zuwa aikin tilas na kwana 40 a shekara, kafin a rage shi zuwa 15 a 1884. In haraji bai cika ba, daga aljihunsa zai cike. Amma a gari mai nisa kamar Baler, mai faɗa a ji na gaskiya limamin coci ne, domin sau da yawa shi kaɗai ne Bature a wurin, shi ke riƙe da littafin haihuwa da na mutuwa, kuma ba a zaɓen shugaba sai da idonsa. A tsakiyar ƙarni na 19 aka yanka gundumar El Principe aka sa hedikwatarta a Baler, aka turo kwamandan soja ya zauna. Hukuma ta matso kusa, sai dai da bindiga ta zo.

Abin da ya fitar da sunan Baler duniya ya faru ne a ƙarshen wannan mulki. A ƙarshen watan Yuni na 1898 sojojin Sifaniya kimanin hamsin suka shige cocin San Luis Obispo de Tolosa suka rufe ƙofa, 'yan juyin juya halin Filifin ƙarƙashin Teodorico Novicio suka yi musu zobe. Manila ta faɗa hannun Amurka a watan Agusta. A ranar 10 ga Disamba Sifaniya ta sa hannu a yarjejeniyar Paris ta miƙa Filifin ga Amurka a kan dala miliyan 20. Na cikin coci ba su yarda ba. Aka aika musu da manzanni, aka kai musu jaridu, suka ce duk yaudara ce. Ciwon beriberi da atuni suka fi harsashi yi musu ɓarna. Kwamandansu, Kyaftin Enrique de las Morenas, ciwon ne ya kashe shi, jagoranci ya koma hannun Laftana Saturnino Martin Cerezo. Suka haƙa rijiya a cikin harabar, suka koma cin ganyen kabewa da duk abin da hannu ya kai. A watan Afrilu na 1899 jirgin ruwan yaƙin Amurka, Yorktown, ya zo ceto, amma sai 'yan Filifin suka kama tawagar da ya sauke. A ƙarshe wani ɗan ƙaramin labari ne a jaridar Madrid ya karya taurin kan Cerezo: ya ga sanarwar sauya wa wani abokinsa wurin aiki zuwa Malaga, abin da ya san abokin ya daɗe yana buri, kuma ba wanda zai iya ƙirƙira. Ranar 2 ga Yuni 1899, bayan kwana 337, suka fito su 33. Shugaban 'yan juyin juya halin, Emilio Aguinaldo, ya ba da umarni ranar 30 ga Yuni cewa a ɗauke su a matsayin abokai, kada a riƙe su fursunoni, kuma wannan ranar ce yanzu ake bikin zumuncin Filifin da Sifaniya.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin jarumtar sojojin da ke cikin coci. Ni mutanen waje nake tunawa. Garinsu ne ya zama fagen daga kusan shekara guda, gidajensu na kusa da coci aka ƙona, gonakinsu suka tsaya, duk saboda labarin ƙarewar yaƙi ya kasa ƙetare duwatsu ta yadda za a gaskata shi.

Amurkawa suka zo da dokar ƙananan hukumomi ta 1901, wadda ta kawo zaɓen shugaban gari da majalisarsa, ko da yake maza masu dukiya ko ilimi ne kawai ke da ƙuri'a. A 1902 aka rushe El Principe aka haɗa Baler da lardin Tayabas, wanda hedikwatarsa ke can kudu da nisa. Garin ya koma gefe.

Ɗan gari ne ya sauya lissafin. Manuel Quezon, wanda aka haifa a Baler ranar 19 ga Agusta 1878, ɗan malaman makaranta, ya zama shugaban gwamnatin Filifin a 1935 har rasuwarsa a 1944. A 1946 aka sauya wa Tayabas suna zuwa Quezon. Matar shugaban, Aurora, ita ma 'yar Baler, tana kan hanyar zuwa garin don buɗe asibiti ranar 28 ga Afrilu 1949 aka yi wa ayarinta kwanton ɓauna a kan hanyar dutse ta Bongabon, aka kashe ta tare da 'yarta Maria Aurora da wasu. An ɗora alhakin a kan 'yan tawayen Huk. Bayan shekara biyu, a 1951, aka yanka ƙaramin lardi da sunanta, Baler ta zama hedikwata. A 1979 Aurora ya zama cikakken lardi, mai ƙananan hukumomi takwas a yau. A karon farko gwamna da magajin gari suka zauna a gari ɗaya, talaka na iya zuwa ofishin kowannensu ya koma gida kafin rana ta faɗi.

Tsarin da garin ke tafiya a kai yanzu ya fito ne daga dokar ƙananan hukumomi ta 1991, zamanin Shugaba Corazon Aquino. Ana zaɓen magajin gari duk shekara uku, kuma ba ya wuce wa'adi uku a jere. Mataimakinsa ke shugabantar majalisar gari, Sangguniang Bayan, mai zaɓaɓɓun kansiloli takwas, da kujerar wakilin shugabannin unguwanni da ta wakilin matasa. Dokar ta sauko da aikin lafiya, malaman gona da kula da marasa galihu daga ma'aikatun Manila zuwa lardi da gari. Har lasisin babura masu kwando a gefe, waɗanda su ne abin hawan kowa a Baler, majalisar gari ke bayarwa, ita kuma ke tsayar da kuɗin hawa.

A ƙasa da wannan akwai unguwanni 13 da ake kira barangay, masu ɗauke da mutum 43,785 a ƙidayar 2020. Kowace tana da zaɓaɓɓen shugaba, wanda jama'a ke kira kapitan, da kansiloli bakwai. A ganina nan ne hukuma ta fi zama ta mutane. In maƙwabta biyu suka yi rikici kan iyakar gona ko bashi, galibi kotu ba za ta saurare su ba sai sun fara zama gaban kwamitin sulhu na unguwa. Kapitan zai kira su, a zauna a kan kujerun roba a zauren unguwa, kowa ya faɗi nasa. In an daidaita, a rubuta a sa hannu, takardar ta samu ƙarfin hukuncin kotu. In abu ya faskara, sai a ba mai ƙara takardar izinin wucewa gaba.

Kuɗi kuwa, yawancinsa daga sama yake zuwa. Doka ta ware wa ƙananan hukumomi kashi 40 cikin ɗari na harajin ƙasa, ana raba shi bisa yawan jama'a da faɗin ƙasa, da wani kaso daidai wa daida. Dole a kashe aƙalla kashi 20 na rabon a ayyukan raya gari, a kuma keɓe kashi 5 na kuɗin shiga don bala'o'i. Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne a Aurora, domin guguwar teku da dama ta nan take sauka: Koppu ta faɗo Casiguran a Oktoba 2015, Man-yi ta faɗo Dipaculao, maƙwabcin Baler, a Nuwamba 2024. Kwashe masunta da mazauna gaɓa zuwa makarantu kafin iska ta iso aikin magajin gari da kapitan ne.

Garin shinkafa da kwakwa da kifi ne, da saƙar hulunan ganyen sabutan. Sabuwar hanyar samu ta zo ta inda ba a zata ba: a 1976 masu shirya fim ɗin Apocalypse Now suka ɗauki wani sashe a gaɓar Baler, samarin gari suka ga ana hawa igiyar ruwa a kan allo suka koya. Yau gaɓar Sabang cike take da masaukai da masu koyar da wasan, harajin kasuwanci ya ƙaru, tare da shara da cunkoso da gine-gine a bakin ruwa da majalisa za ta yi fama da su.

Akwai abin da ke damuna a wannan tarihi. Kusan duk wani babban ci gaba da Baler ta samu ta hannun wani babban ɗa ko babban gida ya zo. Bayan Quezon sai gidan Angara. Edgardo Angara ya daɗe a majalisar dattawa har ya shugabance ta, shi ya kawo dokar ranar zumunci da Sifaniya. 'Yar'uwarsa Bellaflor ta yi gwamna daga 2004 zuwa 2013, ɗan'uwansa Arthur yana magajin garin Baler, ɗan Edgardo, Juan Edgardo, yana wakiltar lardin a majalisar wakilai. Ba a musun cewa hanyoyi da makarantu da baƙi sun ƙaru a zamaninsu. Amma idan gwamna da magajin gari da ɗan majalisa duk 'yan gida ɗaya ne, wa zai binciki wa? Kundin tsarin mulkin 1987 ya haramta gadon mulki a siyasa, ya bar wa majalisa ta fayyace ma'anarsa da doka, majalisar kuma, wadda 'ya'yan irin waɗannan gidaje suka cika, ta shafe sama da shekara talatin ba ta yi ba. A 2013 masu zaɓen Aurora suka ba da tasu amsar: Arthur Angara ya nemi ya gaji 'yar'uwarsa a kujerar gwamna, suka zaɓi Gerardo Noveras.