Gidajen Kwana a Kwalejin Smith ta Amurka da Yadda Gida Ke Samun Suna

Duk malamin da ya taɓa riƙon makarantar kwana ya sani ba a daɗewa da raba yara gida gida sai ko wane gida ya sami sunan da aka san shi da shi. A ce wannan na masu ƙoƙari ne, wancan na 'yan wasa, wancan kuwa na 'ya'yan manya. Sau da yawa mukan ɗauki wannan surutun yara ne kawai. Nufin wannan takarda shi ne a bi tarihin wata kwalejin mata a Amurka, watau Kwalejin Smith da ke garin Northampton cikin jihar Massachusetts, domin a ga inda irin wannan suna ke fitowa. Abin da tarihin ya nuna shi ne, sunan gida yana bin hanyar da aka bi aka zaɓi mazaunansa, da kuma wanda aka bai wa ikon zaɓen.

Wata mace mai dukiya, Sophia Smith, ita ce ta bar wasiyyar kusan dala 400,000 don a kafa wa mata kwalejin da za ta yi daidai da ta maza. Ta rasu a 1870, aka buɗe kwalejin a 1875 da ɗalibai 14. Kafin wannan lokaci, makarantun mata na ƙasar sun saba tara kowa da kowa cikin babban gini guda. Haka Mary Lyon ta yi a Mount Holyoke a 1837, haka kuma aka yi a Vassar a 1865, inda 'yan mata fiye da 300 ke kwana, su ci abinci, su yi karatu, duk ƙarƙashin rufi ɗaya. Masu kafa Smith ba su yarda da wannan tsari ba. A zamanin nan mutane da yawa suna tsoron ilmi mai zurfi zai ɓata lafiyar mace, ya kuma raba ta da ɗabi'un gida, har wani likita, Edward Clarke, ya wallafa littafi a 1873 yana ƙarfafa wannan tsoro. Saboda haka shugaban kwalejin na farko, L. Clark Seelye, ya bi shawarar a zaunar da ɗalibai cikin ƙananan gidaje irin na iyali. Ko wane gida da zauren baƙi, da ɗakin cin abinci, da dattijuwa guda mai kula da shi a matsayin uwa. Gidan farko ma tsohon gidan wani alƙali ne mai suna Dewey, da shi aka fara.

Wannan manufa ta shiga har cikin harshen mutanen kwalejin. A yawancin jami'o'in Amurka kalmar da ake kiran wurin kwanan ɗalibai da ita ma'anarta wurin barci ne kawai. A Smith kuwa kalmar da ke nufin gida ake faɗi, kuma sabuwar ɗalibar da ta yi kuskure ta faɗi waccan sai a gyara mata. Mai jin Hausa ba zai sha wuyar gane bambancin ba, gama mu ma in mun ce 'yar gidan wane ce, mun faɗi asalinta da tarbiyyarta da irin mutanen da take hulɗa da su, alhali ɗakin kwana ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tun da aka kira wurin gida, an buɗe masa hanyar samun suna.

Ba a daɗe ba yawan ɗalibai ya fi ƙarfin gine-ginen kwalejin. Sa'ad da Seelye ya bar aiki a 1910 sun haura 1,600. Waɗanda ba su sami wuri a ciki ba sai suka bazu cikin gari, suna zaune a gidajen haya na mutanen Northampton waɗanda hukumar kwaleji ta amince da su. A nan ne bambanci ya fara fitowa fili, domin gidan haya kuɗi ke shigar da mutum. Mai wadata ta sami ɗaki mai faɗi kusa da makaranta, mai ƙaramin ƙarfi ta nemi mai araha can nesa. Sa'an nan aka sami wasu gidaje, irin su White Lodge da Delta Sigma, waɗanda ba a shiga sai mazaunansu sun gayyaci mutum. Kwalejin ba ta yarda da ƙungiyoyin asiri na ɗalibai mata irin na sauran jami'o'i ba, amma waɗannan gidaje suka yi aikin da ƙungiyoyin ke yi: su zaɓi wadda suke so, su bar sauran. Aka wayi gari in an ji inda yarinya ke kwana an san matsayin ubanta.

A ɗaya gefen kuma akwai gidajen taimakon kai da kai. A gidan Tenney ɗalibai masu ƙaramin hali ke dafa wa kansu abinci don rage kuɗi. Daga 1912 aka mai da gidan Lawrence wurin da mazauna ke yin shara da hidimar tebur, a rage musu kuɗin makaranta. Niyyar mai kyau ce, ta kuma buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar da da tana rufe. Duk da haka ta sa aka tara marasa kuɗi wuri guda, har sunan gidan ya zama alamar halin mai shi.

Mafi tsanani duka shi ne batun launin fata. Otelia Cromwell, baƙar fata ta farko da ta gama Smith, a 1900, ba ta zauna cikin gidajen kwaleji ba. A 1913 aka karɓi wata yarinya, Carrie Lee, daga garin New Bedford, aka ba ta ɗaki. Da ta iso aka ga baƙa ce, abokiyar ɗakinta, farar fata daga kudancin ƙasar, ta ƙi zama da ita, sai aka fitar da Carrie Lee daga gidan. Wata malamar harshen Girka, Julia Caverno, ta sauke ta a gidanta. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata ta tsaya a kan maganar, har daga bisani hukuma ta sauko ta ba ta wuri cikin gidajen kwaleji. Wannan al'amari ya nuna a fili cewa karɓar ɗaliba a aji abu ne daban, karɓarta a gida kuma abu ne daban, na biyun kuwa ya fi wuya.

Wanda ya ɗauki matakin gyara shi ne William Allan Neilson, mutumin Sikotilan, wanda ya shugabanci kwalejin daga 1917 zuwa 1939. Ya tsai da yawan ɗalibai wajen 2,000, ya ƙudura ko wace ɗaliba ta kwana a gidan da kwaleji ke mallaka. Aka sayi waɗansu gidajen haya na cikin gari, aka kuma gina sababbi guda goma na jan bulo kewaye da fili, daga 1922 zuwa 1936, waɗanda ake kira Quad a taƙaice. Da wannan ikon zaɓe ya fita daga hannun masu gidajen haya da ɗaliban da ke gayyatar junansu, ya koma hannun hukuma, gidajen gayyata kuma suka shuɗe.

Amma tsohon bambanci bai mutu nan da nan ba. Marubuciyar waƙoƙi Sylvia Plath, wadda ta shiga Smith a 1950 da taimakon sukolashif, ta yi shekara biyu a gidan Haven, sa'an nan ta koma Lawrence inda take hidimar tebur, har ta gama a 1955. Watau shekara goma sha shida bayan Neilson ya sauka, rashin kuɗi yana nan yana nuna wa yarinya gidan da za ta zauna.

A yau kwalejin tana da gidaje kimanin 40, ƙanana da manya, yawancinsu suna haɗe da 'yan aji ɗaya har zuwa 'yan aji huɗu. Sabuwar ɗaliba takan faɗi irin wurin da take so, hukuma ta ba ta gida, daga baya in tana son sauyi ta shiga ƙuri'a. Har yanzu gidaje suna da suna. Ana cewa na Quad sun fi hayaniya da biki, na titin Green kuwa, da ke kusa da laburare da azuzuwa, sun fi natsuwa. Gidan Sessions, wanda aka gina tun farkon ƙarni na 18, an san shi da labarin fatalwa da ɓoyayyar matakala. Ana kuma shan shayi tare a gidaje ran Jumma'a da la'asar. Irin wannan suna ba ya cutar da kowa, domin yarinya na iya shiga ta iya fita, ba kuwa ya bayyana dukiyar iyayenta.

Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ba yadda za a yi a tara 'yan mata shekara huɗu a gida guda su rasa kamanni da juna, kuma ba laifi ba ne gida ya yi suna. Abin da ya kamata shugaban makarantar kwana ya bincika, in ya ji ana kiran wani gida da wani suna, shi ne ta wace ƙofa mazaunan suka shiga. In halinsu da son ransu ne ya tara su, sai ya ƙyale su. In kuwa kuɗi ne, ko asali, ko zaɓen da manyan ɗalibai ke yi a ɓoye, to gyara ya hau kansa, kuma daga littafin rabon ɗakuna zai fara.